Wa Ya Yi Masa? Tsokaci a Kan Zargi da Hauka a Labaranmu

Ɗan yayata yana da shekara 14 lokacin da ya daina cin abincin gidansu. In ka ba shi burodi da kifin gwangwani ya buɗe da hannunsa, zai cinye tas. Abin da aka dafa a tukunya ne ba ya taɓawa. Zai zauna a bakin ƙofar kicin ya zuba wa uwarsa ido tun daga wankin shinkafa har kwashewa, da ta juya ta ɗauko gishiri, shi ke nan, an zuba wani abu. Daga nan sai ya shiga rubuta lambobi. Wanda ya san Kwatano ya san 'yan zem, wato 'yan acaɓarmu, masu riguna ruwan ɗorawa da lamba a baya. Yaron nan ya cika littafin makaranta guda da lambobinsu, wai su ake turowa su bi shi daga Zongo zuwa makaranta, suna yin karɓa-karɓa. Lasifikar babban masallacin Zongo ma, in ji shi, bayan an gama kiran salla akan sako wata magana ƙasa-ƙasa wadda shi kaɗai ake nufi da ita.

Ni kawunsa ne, kuma ni ake kira ɗan boko a gidan, mai karance-karance. Na faɗi haka ne don kada a zaci gefe na koma ina nuna wasu da yatsa. Wata bakwai muka yi, har da ni, muna maimaita tambaya guda: wa ya yi masa? Ba wanda ya buɗe baki ya ce me ya same shi. Ita kuwa tambayar "wa" ba ta daɗewa ba ta sami amsa ba. Mijin yayata mata biyu gare shi, kuma sai aka tuna cewa amarya ta taɓa dama wa yaron kunun gyaɗa kwanaki kaɗan kafin ya canza. Aka je wurin wani malami, ya duba ya ce jifa ne, kuma daga cikin gida. Bai ambaci suna ba, mu muka cika masa. Baiwar Allah nan ta koma gidan iyayenta da goyo a baya, ba wanda ya rako ta ko bakin titi.

Yaron bai sami sauƙi ba. Da can in ya ce an sa masa guba, akan sami mai cewa a'a. Yanzu manya sun sa hannu sun tabbatar masa lallai akwai mai neman ransa. Shi kuma zargin nasa bai tsaya inda muka ajiye shi ba. Amarya na tafiya ya koma kan uwarsa, daga baya ya iso kaina.

Daren da idona ya buɗe, a gaban talabijin muke. Ana kallon wani fim ɗin Hausa, irin wanda ba sai na faɗi suna ba, domin kowa ya ga goma irinsa. Yarinya tana ta gaya wa mahaifinta cewa matarsa na zuba mata abu a abinci, uban yana daka mata tsawa. Sai kyamara ta shiga kicin ta nuno matar ta kwance ƙullin tsumma tana barbaɗawa a miya, tana waige-waige. Yaron da ya kwana uku bai ce wa kowa uffan ba ya taɓo ni ya ce, "Kawu, ka gani ko? Ita ma da farko ba su yarda da ita ba." Na rasa ta cewa, domin bisa ƙa'idar fim ɗin da muke kallo, gaskiyarsa ce.

Abin da nake son 'yan'uwa marubuta da masu shirya fim su duba tare da ni ke nan. A mafi yawan labaranmu, mai zargi ba ya kuskure. In tauraruwa ta ce ana bin ta, to ana bin ta. In ta yi mafarkin kishiya da wuƙa, babi na gaba zai kai mu gidan boka. In yaro mai hankali ya sauya hali, marubuci ya riga ya tanadi wanda ya binne laya. Mai shakka kuwa ɗayan biyu ne, ko sakaran miji da aka shanye, ko munafukin da ke cikin makircin. Likita ma ana kawo shi, amma aikinsa layi ɗaya ne: ya cire tabarau ya ce sun yi duk gwaje-gwaje ba su ga komai ba, a koma gida a gwada wata hanya. Zubin labarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan karin maganar nan, ruwa ba ya tsami banza. Shi ma ciwon da ya kama ɗanmu a kan wannan karin magana ya ginu. Mai irin wannan ciwo ba ya ganin komai a matsayin katari: tarin maƙwabci saƙo ne, babur biyu a jere tuggu ne, gishiri guba ne. Ashe mun shekara da shekaru muna ba da labari da irin lissafin da ciwon yake yi, sannan muna mamakin yadda muka kasa gane shi da ya shigo gidanmu.

Abin ba yau ya fara ba. Cikin littattafan farko da suka fito daga Zariya a shekarun 1930, bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, akwai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Attajiri Malam Shehu ya aure Zainab, masoyinta Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ɗan da aka haifa ya lalace ya zame wa ubansa masifa. Littafi ne mai ƙarfi, har gobe ina karanta shi. Amma dubi darasin da ya bari game da yaron da ya sauya: a nemi wanda uban ya ɓata wa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa ya ba mu ɗaya rabin. Ɗan sarki ba shi da lafiya, maganinsa wani ruwa ne a can nesa, Alhaji ya sha wuya ya samo, ɗan sarki ya warke. Ba hauka Imam yake magana a kai ba, kuma ba wanda zai zarge shi don ya rubuta labarin ban dariya da al'ajabi. Sai dai siffofin nan biyu, ciwo mai maƙiyi a bayansa da waraka ta farat ɗaya, su muka gada. Adabin kasuwar Kano ya ɗauke su tun daga shekarun 1980, finafinai suka karɓa, yau ga su a littattafan da ake turawa ta WhatsApp da waɗanda ake karantawa a rediyo da YouTube, waɗanda matan Zongo ke saurare suna tsinkar alayyafo.

In ka tattara mahaukatan labaranmu, kusan duk ba sa wuce iri uku. Akwai na ban dariya, mai tsummokara da gwangwanaye, wanda yara ke bi da jifa mu kuma muna ƙyaƙyatawa. Akwai na alhaki, wato muguwar da asirinta ya koma kanta a ƙarshen fim, ta fita kasuwa tana tona wa kanta asiri, ana cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Sai na jifa, bawan Allah da aka zalunta, wanda za a yi wa ruƙiyya a fitowa ɗaya ya yi atishawa ya buɗe ido ya ce, "Ina ne nan?" Dukkansu daga waje muke kallonsu. Dukkansu mun same su ne abin ya riga ya nuna. Ba a nuna mana watannin farko, lokacin da yaro ya fara rufe kansa a ɗaki, makinsa ya faɗi a makaranta, ya bar ƙwallo, ya bar wanka, barci ya ƙaurace masa. Alhali waɗannan watannin su ne iyaye ke da bukatar ganewa. Na biyun nan, na alhaki, ya fi yi mana ɓarna, domin ya koya wa jama'a cewa hauka hukunci ne. Shi ya sa gidan da abin ya faɗa wa ke gaggawar nemo wanda ya yi jifa: in ba a samo azzalumi a waje ba, mutane za su ce alhakin wani ne ke bin gidan.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini. Za a ce sihiri gaskiya ne, addini ya tabbatar da shi, kuma hassada tsakanin kishiyoyi ba marubuci ya ƙirƙiro ta ba. Ban musa ba, kuma ban ce a cire boka daga labari ba. Tambayata ita ce, cikin labarai ɗari da aka zargi kishiya, a nawa ne zargin ya tashi a ƙarya? A rayuwa mun san matan da aka yi wa ƙazafi suka mutu da baƙin cikinsa. Me ya hana su shiga littafi? Addinin da ya tabbatar da sihiri shi ne ya hana tuhuma ba hujja, shi ne kuma ya umarce mu da neman magani. Bahaushe ma ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Za a kuma ce labari ba ya daɗi sai da mugu. Wannan kam rauni ne na marubuci. Uwar da ɗanta ke kallonta a matsayin mai son kashe shi, tana dafa abinci tana kuka, tana ɗanɗanawa a gabansa ko zai yarda, wane mugu ake nema a ƙara mata kafin labarinta ya taɓa zuciya?

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A nan ƙasar tamu, Olympe Bhêly-Quenum, haifaffen Ouidah, ya fitar da Un piège sans fin a 1960, wato tarko marar iyaka. Ahouna makiyayi ne mai busa da waƙa, matarsa Anatou ta sa a ranta cewa wata yake yi wa. Babu wata. Marubucin bai ɓoye kishiya a bayan dutse don ya wanke Anatou ba, ya bar zargin a matsayin zargi, ya nuna yadda ya cinye gida ya kori mutum daga hayyacinsa har ya yi kisa. A Najeriya, Chinua Achebe ya rubuta gajeren labari The Madman cikin Girls at War na 1972. Nwibe mutum ne mai mutunci, yana wanka a rafi mahaukaci ya ɗauke masa zane, ya biyo shi tsirara har cikin kasuwa, daga ranar jama'a suka yanke cewa shi ne mahaukacin. Achebe ya juyo da kyamara kan 'yan kallo, ya nuna yadda suna kan manne wa mutum ya fi ciwon daɗewa. Ita kuwa Bessie Head, wadda ta yi jinyar taɓin hankali a Botswana, ta rubuta A Question of Power a 1973 daga cikin kan mai ciwon. Mai karatu yana jin muryoyin da ke azabtar da Elizabeth kamar yadda take jin su, amma da gari ya waye ga ɗanta yana jiran abinci, ga lambun kayan miya yana jiran ban ruwa. Warakarta a hankali ta zo, da faɗuwa da tashi. Ba cewa nake na waje duk sun dace ba. Mahaukacin da ke cikin L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, wanda aka karantar da mu a makaranta, alama ce kawai ta rikicin Afirka da Turai, ba majinyacin da ke da uwa da kuɗin magani ba. Finafinan Amurka kuma sun cika duniya da mahaukaci mai wuƙa, alhali masu wannan ciwo sun fi zama waɗanda ake cuta a kan su cuci wani.

Me ya hana mu zuwa asibiti wata bakwai? Suna. A Kwatano in ana son a ci mutuncin mutum sai a ce a kai shi Jacquot, asibitin masu taɓin hankali, kamar yadda Bakano zai ce Dawanau, Basakkwace ya ce Kware. Ranar da muka daure muka ga likitan ƙwaƙwalwa, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai yi gaggawar raɗa wa ciwon suna ba. Ya sa aka duba zazzaɓin cizon sauro, ya yi tambaya kan farfaɗiya da buguwar kai, ya keɓe da yaron ya tambaye shi wiwi da taramol, ya tambaye mu ko an taɓa samun irin wannan a dangi, ko wani abin firgici ya taɓa faruwa da shi. Sannan ya ce mai yiwuwa ne farkon sikizofireniya ne, amma a shekara 14 ba a yanke hukunci da wuri, sai an bi yaro wata da watanni, domin akwai cututtukan da kan fara da kama ɗaya su rabu daga baya. Kalmar nan "mai yiwuwa" ta yi wa yayata nauyi ƙwarai. Malami ya ba ta tabbas a zama ɗaya, likita ya ba ta jira. Labaranmu ba su taɓa koya mata cewa mai cewa "mai yiwuwa" yana iya fin mai rantsuwa sani ba.

Ga kaɗan daga abin da ya kamata marubuci ya sani kafin ya taɓa wannan jigo. Sikizofireniya ciwo ne na ƙwaƙwalwa da kan zo da jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, da imani da abin da hujja ba ta kawar da shi, da rikicewar zance, da janyewa daga mutane. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun ce kimanin mutum miliyan 24 ke da shi, wato 1 cikin 300. Ya fi farawa daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, yakan riga kama maza, kuma kafin shekara 13 da wuya a gan shi. Gado na da hannu, yanayin rayuwa na da hannu, yawan shan wiwi na ƙara haɗarin. Akwai magungunansa tun shekarun 1950, suna kuma da nasu wahalhalun, kamar yawan barci da ƙiba da sanƙarewar jiki. Hukumar ta ce aƙalla 1 cikin 3 na masu ciwon kan warke sarai. Kuma gwargwadon daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, gwargwadon wuyar da farfaɗowa kan yi. Wato wata bakwai ɗin da muka kashe muna neman mai laifi, daga jikin yaron muka cire su.

Shawarar da likitan ya ba mu ita ce ta fi kama da darasin adabi. Ya ce kada mu yi masa dariya ko gardama, kada kuma mu gaskata masa. In ya ce akwai guba, a ce masa, "Na ga kana cikin tsoro, ni ban ga guba ba, zo mu ci tare." Sai na lura cewa abu biyun da ya hana su kaɗai labaranmu suka iya: ko mu yi wa mahaukaci dariya, ko mu tabbatar masa da maƙiyinsa. Hanya ta uku, ta zama kusa da mai tsoro ba tare da ka shiga cikin tsoron nasa ba, ita ce babu a rubutunmu.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta fatar baki tsakanin masu sharhi. Akwai wanda ya ba mu shawarar mu tura yaron Arewa a sa shi a mari har aljanin ya gaji. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa yara ne, wasu da sarƙa a ƙafa. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba ƙin su suke yi ba. Labarin da suka sani ne suke bi har ƙarshensa.

Ga kuma taurarin da muka bari a ƙasa ba mu ɗauka ba. Grégoire Ahongbonon ɗan ƙasar nan ne, mai facin taya ne a Bouaké ta Kodebuwa kafin ya shiga kwance masu taɓin hankali daga sarƙa da turu. Ƙungiyarsa ta Saint Camille tana da cibiyoyi a Avrankou da Bohicon da Djougou, kuma da yawa daga ma'aikatanta tsofaffin majinyata ne da suka sami sauƙi. A Abeokuta, nan kusa da mu, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro a 1954, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana karɓar magani, har da haɗa hannu da masu maganin gargajiya. Lambo bai ce wa mutane su zubar da imaninsu kafin su shigo ba. Wannan shi ne abin da nake roƙon marubucinmu: ya bar uwa ta yi addu'arta, ya bar liman ya yi tofinsa, amma ya bar likita ya faɗi fiye da layi ɗaya. Ya rubuta mana malamin da zai ce, "Hajiya, zan yi masa addu'a, amma gobe ku kai shi asibiti." Akwai irinsu, na zauna da su a Zongo. Ya rubuta mana labari ɗaya tak da kyamara za ta shiga kicin ta tarar da kishiya tana zuba gishiri, gishiri kawai.

Yau ɗanmu yana da shekara 16. Yana shan magani, ya koma makaranta ya maimaita aji, yana cin abincin uwarsa, ko da yake in ya gaji ko ya kwana biyu bai yi barci sosai ba sai ka ga yana juya cokali yana leƙen kwano. Likita har yanzu yana bin sa, mu ma mun koyi zama da "mai yiwuwa". Littafin lambobin yana wurina, shi ya ba ni da kansa ya ce, "Kawu, ajiye mini, kada in riƙa dubawa." Amarya ta dawo ɗakinta bayan an kai ruwa rana. Mijinta ya ba ta haƙuri, ni ma na je na durƙusa na ba ta. Ta ce ba komai, ya wuce. Amma tun daga ranar ba ta ƙara miƙa wa wani yaro a gidan ko ruwan sha ba, in ba nata ba. A unguwa kuwa har gobe akwai masu cewa ai da ta ga asiri zai tonu ne ta je ta karya abin, shi ya sa yaron ya samu sauƙi. Su ma fim ɗin suka kalla.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma masu alƙalami Ya sa mu san nauyin abin da muke rubutawa.